Kada a rufe wa ɗalibai ƙofar binciken maganaɗisu

A watan Disambar 2017, cibiyar binciken maganaɗisu ta MagLab da ke Tallahassee a jihar Florida ta Amurka ta gwada wani maganaɗisu da ƙarfinsa ya kai tesla 32. Don a gane girman abin, na'urar MRI ta asibiti galibi tesla 1.5 ce ko 3. Sirrin wannan ƙarfi shi ne wasu kayayyaki da lantarki ke ratsa su ba tare da turjiya ko asarar wuta ba, waɗanda ake kira sufakwandakta.

Tun 1911 aka san da irinsu, amma sai an sanyaya su da ruwan iskar hiliyom mai tsada. A 1987 aka gano wani haɗi mai suna YBCO da ke aiki a sanyin ruwan naitirojin, wato digiri 196 ƙasa da sifiri. Wannan ne masana ke kira "mai zafi", duk da cewa sanyin zai daskarar da yatsa nan take.

Sai dai akwai matsala. Kayan dangin tangaran ne, suna karyewa. Dole a shimfiɗa su siriri a kan tef na ƙarfe, a naɗe, sannan a auna yawan lantarkin da tef ɗin zai ɗauka kafin ya gaza, da yadda yake jure matsi. Aiki ne na haƙuri, yau awo gobe awo, kuma a nan ne ɗaliban digirin farko ke shigowa. MagLab na karɓar su na kusan makonni goma a lokacin hutu, ƙarƙashin shirin REU na hukumar kimiyya ta Amurka, NSF. Ana ba ɗalibi aikin gaske, da malami mai duba shi, da ɗan alawus.

A 2025 jami'o'i da dama a Amurka sun soke irin wannan shiri saboda rashin tabbas kan kuɗin gwamnati. Kuskure ne babba. Abin da ake kashewa kan ɗalibi ɗaya bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin maganaɗisu guda, kuma ba a aji ake koyon sarrafa tef mai saurin lalacewa ba. Ɗan talaka da jami'arsa ba ta da babban ɗakin gwaji shi ne ya fi cutuwa.

Buƙatar ƙwararru kuwa ƙaruwa take yi. A 2021 jami'ar MIT da kamfanin Commonwealth Fusion Systems sun gwada maganaɗisu mai tesla 20 da irin wannan tef, da nufin samar da lantarki ta hanyar haɗe ƙwayoyin zarra. Masu naɗa irinsa nan da shekara goma suna aji biyu ko uku a jami'a yanzu.