Sanarwar Bayan Taro Kan Karatun Yaran 'Yan Gudun Hijira a Cikin Birnin Kano

Ƙungiyarmu ta iyaye da malaman makaranta ta zauna a unguwar Shahuci tare da masu unguwanni da limamai, kan karatun yaran da rikici ya koro daga Borno da Yobe da Zamfara.

Taron ya lura cewa akasarin iyalan nan ba a sansani suke ba. Suna raɓe ne a gidajen dangi, wasu a shagon haya, wasu a kango, shi ya sa ba sa shiga lissafin kowa. Babban abin da ke tare musu ƙofa shi ne takarda. Uwa ta kamo hannun 'yarta zuwa makaranta, a ce ta kawo takardar haihuwa da ta canjin makaranta, alhali makarantar da yarinyar ta baro an ƙone ta, su kuwa da kayan jikinsu kaɗai suka tsira. Washegari sai a ɗora wa yarinyar farantin talla. Ga kuɗin yunifom. Ga yaro ɗan shekara 12 da za a zaunar a aji ɗaya cikin ƙanana, kunya ta sa ya daina zuwa.

Wannan ya saɓa wa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta ba kowane yaro karatun shekara 9 kyauta. Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf kuma ya kafa dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024. Mahalarta sun tuna cewa a 2015 Iran ta ba da umarnin karɓar yaran Afghanistan a makarantunta, har da marasa takardar zama. Namu kuwa 'yan ƙasa ne.

Don haka taron ya roƙi hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) ta umarci shugabannin makarantu su fara rubuta sunan yaro, takarda ta biyo baya, shaidar mai unguwa ta wadatar. Ya kuma nemi Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta turo ma'aikatanta cikin unguwanni su yi rajistar haihuwa. Malamai daga cikinmu sun ɗauki nauyin ajin yamma ga yaran da shekaru suka wuce musu, limamai kuma za su yi sanarwa a masallatai.

Sa hannu:
Shugaba da Sakatare, a madadin ƙungiya