Ra'ayinmu: A Ɗauki Hoton Ƙasar Ruma Tun Da Sauran Masu Ba Da Labari

'Yan'uwa ɗalibai, hutu ya gabato. Duk wanda Allah ya nufa da bin hanyar Batsari zuwa Safana, muna roƙonsa ya ɗauki hoton kufai da tsofaffin rijiyoyi da kukokin ƙasar Ruma, ƙasar jarumi Ɗanwaire. Hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu sun tarwatsa ƙauyuka da dama, dattawan da suka san tarihin wuraren kuwa suna ta ƙarewa. Hoton da babu bayani bebe ne. Saboda haka a nemi izinin mai gari, a rubuta sunan wuri da kwanan wata da abin da dattijo ya faɗa, a miƙa wa Hukumar Tarihi da Al'adu a Katsina. Amma kada kowa ya kutsa daji, rai ya fi hoto.