Baƙon Da Ba Shi Da Mai Masauki

Duk wanda ya tashi a Zango ya san baƙo ba ya faɗa wa kasuwa kai tsaye. A zamanin da fatake ke gangarowa daga arewa da shanu da tufafi su koma da goro, wanda ya iso Accra, ko Ankara kamar yadda tsofaffi ke kiranta, gidan wani maigida yake fara nema. Maigidan ne zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ɗauki kayansa bashi, sannan ya cire la'adarsa. Zongo Lane ta yau ta koma ta atamfa da kayan lantarki, amma har gobe wanda ya zo neman kaya bashi tambayar farko da zai ji ita ce: wa ya turo ka?

Da wannan tambayar manyan jam'iyyun Ghana biyu, NPP da NDC, suke raba tikitin takarar shugaban ƙasa, ko da yake ba a rubuta ta a kundin kowaccensu ba. Ana yawan cewa jiga-jigan jam'iyya ba sa son bare. Tarihin Jamhuriya ta Huɗu bai gaskata haka ba. Sau biyu suna ɗauko bare su ɗora shi a kan 'ya'yan gida. Wanda ba sa yafe wa shi ne wanda ya zo babu mai masauki, ko da a cikin gidan aka yanke masa cibiya.

A duba Farfesa John Evans Atta Mills. Malamin shari'a ne a jami'ar Legon kuma shugaban hukumar tara haraji, ba ya cikin waɗanda suka sha rana tare da Shugaba Rawlings, wanda ya kafa NDC, tun zamanin mulkin soja. Rawlings ya ɗauko shi mataimaki a 1996, sannan a 1998, a wani gangami a garin Swedru, ya shelanta cewa Mills ne magajinsa, tun ba a kira taron jam'iyya ba. Tsofaffin 'yan gwagwarmaya suka ji an yi musu kan kara. Goosie Tanoh ya kwashe nasa ya kafa jam'iyyar NRP, ya tsaya takara a 2000, ya tashi da kashi ɗaya da ɗoriya cikin ɗari. Kwesi Botchwey, wanda ya riƙe ma'aikatar kuɗi fiye da shekara goma, ya gwada ƙarfinsa da Mills a Disamban 2002 ya sha ƙasa. Abin dariyar ya zo a 2011 a Sunyani: baƙon jiya ya riga ya zama maigida, matar wanda ya kafa jam'iyyar kuwa, Nana Konadu Agyeman-Rawlings, ita ce ta koma baƙuwa. Mills ya samu ƙuri'a 2,771, ita ta samu 90.

Labarin da ya fi taɓa mutanen unguwannin Zango na Nima da Mamobi shi ne na Alhaji Aliu Mahama, Musulmi na farko da ya zama mataimakin shugaban ƙasa. Shekara takwas ya yi a bayan Shugaba Kufuor, yana zuwa suna da jana'iza da filin Idi, yana wanke wa jam'iyyarsu ta NPP tabon da ta gada. Tabon kuwa ba ƙarami ba ne: dokar korar baƙi ta Nuwamban 1969, wadda gwamnatin Busia ta kafa, ta watsa gidaje da yawa a Zango, kuma NPP daga wannan tsatson ta fito. Da lokacin gado ya zo a Disamban 2007, mutum 17 suka fito neman tikiti a Legon, masu jefa ƙuri'a kuwa ba su wuce 2,300 ba sosai. Nana Akufo-Addo ya samu 1,096, Alan Kyerematen 738, mataimakin shugaban ƙasa mai ci ya tashi da 146. Babu wanda ya tsaya masa. Shekaru da dama bayan haka 'yan NDC na ɗauko wannan lissafi a kowane kamfe: jam'iyyar giwa, wato NPP, tana son ɗan arewa a kujerar mai zaman banza ne, ba a sitiyari ba.

Akwai wani abu a taron na 2007 da masu cewa shugaban ƙasa ne ke naɗa magaji kan tsallake. A lokacin kowa ya ɗauka Alan ne ɗan lelen Kufuor, amma ya faɗi. Fadar shugaban ƙasa daban, gidan jam'iyya daban. Akufo-Addo ya daɗe yana zaga mazaɓu, ya san shugabannin reshe da sunayensu, su kuma suna ganin layi ya zo kansa. Maigida a siyasa shi ne wanda deliget ke jin maganarsa, ko yana kan mulki ko ba ya kai.

Shi wannan maigidan ne ya kawo Dakta Mahamudu Bawumia. A 2008 Bawumia mataimakin gwamnan babban bankin Ghana ne, ba a san shi a gangami ba, kuma manyan jam'iyya da dama sun yi gunaguni cewa an tsallake waɗanda suka yi wahala an ɗauko ma'aikacin banki. Akufo-Addo ya kafe. Ya sake ɗaukarsa a 2012 da 2016. A tsakani Bawumia ya biya kuɗin ɗakinsa: shi ne babban shaidan jam'iyya a shari'ar zaɓe ta 2013 a Kotun Ƙoli, kwana da kwanaki yana fama da takardun sakamakon rumfunan zaɓe a gaban talabijin. Kafin 2023 akasarin ministoci da 'yan majalisar NPP sun fito fili suna bayansa, Shugaba Akufo-Addo kuma yana cewa shi bai ɗaga hannun kowa ba. Bai buƙaci ɗagawa ba.

A nan ne ya kamata a fahimci yadda injin ya yi aiki, don ba a rufe ƙofa da kwaɗo, da ƙa'ida ake rufe ta. Bayan faɗuwar 2008, NPP ta faɗaɗa masu zaɓen ɗan takara daga dubu biyu da 'yan kai zuwa fiye da dubu ɗari, ta shigo da shugabanni biyar-biyar na kowace rumfar zaɓe. Gyara ne na gaske. Amma sai aka kafa matata a gaba: a tsarin wancan lokaci, idan masu nema sun haura biyar, wani ƙaramin taro na manyan deliget ne ke tankaɗe su tukuna. Su wane ne a ciki? 'Yan majalisa, ministoci, shugabannin jam'iyya na ƙasa da na jihohi, dattawa da waɗanda suka kafa ta. Wato masu gida zalla. A ranar 26 ga Agusta 2023 mutum ƙasa da dubu ɗaya suka zauna kan 'yan takara goma. Bawumia ya samu 629, Kennedy Agyapong 132, Alan 95.

A takarda aikin wannan taro rage yawa ne kawai. A aikace sanarwa ce ga deliget dubu ɗari biyu da ke ƙasa cewa ga inda iska ke kaɗawa, kuma talakan deliget da ke fatan kwangilar ciyar da 'yan makaranta ko gurbin aiki ga ɗansa ba ya son a gan shi a ɓangaren da ya faɗi. Alan, wanda yana cikin waɗanda suka kafa NPP a 1992, ya yi jakada a Amurka, ya yi ministan ciniki a gwamnatoci biyu, ya janye a farkon Satumba yana cewa an karkata filin kuma an tsorata wakilansa, kafin watan ya ƙare ya bar jam'iyyar ya ɗauki tambarin malam-buɗe-littafi. Kennedy Agyapong bai janye ba. Attajiri ne mai gidan rediyo da talabijin nasa, bakinsa ba linzami, ya daɗe a majalisa amma bai taɓa zama ɗan ɗakin manya ba. Da aka je babban zaɓen fid da gwani a ranar 4 ga Nuwamba, mutumin da manya suka ba kashi 14 cikin ɗari ya tashi da kashi 37, Bawumia ya ci da kashi 61. Wannan tazara tsakanin ra'ayin sama da na ƙasa saƙo ce, ba a dai karanta ta ba sai bayan shekara guda.

NDC ba ta da wannan matata, tana da nata dabarun. A 2018 ta sa kuɗin shiga takara sidi 400,000, sai da sauran masu nema suka kai kuka ga majalisar dattawan jam'iyya aka rage zuwa 300,000. A 2023 Dakta Kwabena Duffuor, tsohon gwamnan babban banki kuma tsohon ministan kuɗi, ya je kotu kan rajistar deliget, daga baya ya janye ana gobe zaɓe. John Mahama ya ci da kusan kashi 99. Gaskiya ko da an wanke rajistar da sabulu Mahama ne zai ci, amma wanda yake da tabbacin nasara shi ya fi kowa sauƙin barin a duba littafi.

Kada a ɗauka deliget tumaki ne. Marigayi Kwadwo Owusu Afriyie, wanda aka fi sani da Sir John, ya rasa kujerarsa ta babban sakataren NPP a Tamale a 2014, daga nan ya bar wa siyasar Ghana kalmar da har yau ake maimaitawa: a ji tsoron deliget. Sukan karɓi kuɗin mota daga hannu uku, su yi wa kowa rantsuwa, su shiga akwati su yi abin da suka ga dama. Sai dai a zaɓen ɗan takarar shugaban ƙasa abin da suka ga dama kusan kullum yakan dace da abin da mai riƙe da gidan yake so.

Masu kare tsarin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Jam'iyya ba tashar mota ba ce da kowa zai shigo da jakar kuɗi ya hau gaba. Waɗanda suka manna fosta cikin ruwan sama suna da haƙƙin a tambaye su. Kuma masu fita ba sa zuwa ko'ina: a zaɓen 7 ga Disamba 2024 Alan bai kai ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, har matashin ɗan kasuwa Nana Kwame Bediako, wanda ba shi da tarihin jam'iyya ko kaɗan, ya sha gabansa. Amma wannan hujjar tana da kaifi biyu. Tunda babu rayuwa a wajen jam'iyyun biyu, to zaɓen cikin gida shi ne rabin zaɓen ƙasa, shi ya sa sashe na 55 na kundin tsarin mulkin 1992 ya wajabta wa jam'iyyu bin tafarkin dimokuraɗiyya a cikin gidansu. Bawumia, ɗan takarar da manya suka share wa hanya, ya samu kashi 41 da ɗoriya a wancan zaɓe, John Mahama ya haura 56, kuma Nima, inda gidan Akufo-Addo na kansa yake, ba ta sauya sheƙa zuwa NPP ba don an tsayar da Musulmi.

Ina Zango a cikin wannan rabo? NPP na da reshen Nasara, NDC na da Zongo Caucus. An kafa ma'aikatar raya Zango a 2017, aka rushe ta a 2021. Duk shekarar zaɓe ana kawo shinkafa da sukari da azumi, ana zuwa gaida Babban Limami Sheikh Osman Nuhu Sharubutu a Fadama da 'yan jarida a baya. Duk wannan neman ƙuri'ar Disamba ne, bayan an riga an gama yanka an raba. Samarin da ke kwana musu a majalisar ataya kan wanda ya cancanci tikiti, kaɗan ne cikinsu ke da ƙuri'a a ranar da ake bayar da shi.

A NPP, a 2023 ƙuri'ar tana hannun mutum biyar ɗin nan na kowace rumfa: shugaba, sakatare, mai shirya gangami, shugabar mata da shugaban matasa. Zaɓensu ba ya shiga kanun labarai, amma masu neman tikiti sun san darajarsa. Deliget ɗin da suka yi hukunci a Nuwamban 2023 tun farkon 2022 aka zaɓe su, kuma a lokacin mazaɓu da dama, har da wasu a jihar Ashanti, sun yi ta rigima kan abu guda: mutane sun je ofishin jam'iyya sayen fom ɗin tsayawa, aka ce musu ya ƙare.