La'ada a Fili: Kira kan Dillancin Gidaje a Daura

Zuwa ga Edita,

Ana neman fili domin jawo hankalin masu karatu, musamman mazauna Daura da sauran ƙananan hukumomin masarautarta, wato Baure da Zango da Mai'adua da Sandamu, kan yadda ake sayar da gidaje ta hannun dillalai, domin harka ce da ta yi girma a 'yan shekarun nan alhali tsarin da ake gudanar da ita bai sauya ba.

Tsakanin shekarar 2015 da 2023, lokacin da marigayi Muhammadu Buhari yake shugabancin ƙasa, Daura ta samu manyan ayyukan gwamnatin tarayya, ciki har da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da asibitin sojojin sama, waɗanda suka zo a 2019, da Jami'ar Sufuri da aka aza harsashinta a ƙarshen 2019, sannan ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda ya ratsa ta Daura. Waɗannan ayyuka sun kawo ma'aikata da ɗalibai da 'yan kwangila, suka kuma sa gonakin bakin gari suka koma fulotai. A da, idan za a sayar da gida a unguwar Kusugu ko Sarkin Yara ko Ubandawaki, mai saye yawanci maƙwabci ne ko ɗan unguwa wanda ya san asalin gidan tun daga kakanni, kuma kunyar idon jama'a ta isa ta hana ha'inci. Yanzu mai saye kan kasance ɗan kasuwa a Kano ko ma'aikaci a Abuja, wanda ya ga hoton gidan a waya, ya turo kuɗi ta banki, bai taɓa haɗa ido da mai gidan ba. A irin wannan ciniki dillali ne kaɗai ya san abin da ɓangarorin biyu suka faɗa.

Dillanci sana'a ce mai asali a ƙasar Hausa, kuma babu mai hankalin da zai ce a yi watsi da ita. Dillali, wato mai shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa domin a ba shi lada da ake kira la'ada, shi ne ya san wanda ke neman gida kusa da kasuwa da wanda ke neman kango ya rushe ya sake gini, shi ne ya san nawa aka sayar da gidan layin baya a bara, kuma shi ke rufa asirin magidancin da larura ta sa zai rabu da gidansa ba ya son a ji a gari. Dillalai da yawa a wannan masarauta sun tsufa a sana'ar ba a taɓa kai su gaban alƙali ba. Ƙorafin wannan wasiƙa yana kan wata ɗabi'a guda da ta yaɗu har ta fara zama kamar ƙa'ida, wato ɗora kuɗi a ɓoye a kan farashin da mai gida ya faɗa.

Ga yadda abin ke gudana, a misali. Mai gida ya kira dillali ya ce yana neman naira miliyan 10. Dillali ya fita ya yi wa gidan kuɗi miliyan 13, aka yi tayi, aka ce albarka, aka ƙara, har ciniki ya faɗa a miliyan 12. Sai ya dawo wa mai gida da labarin cewa kasuwa ta yi sanyi, da ƙyar aka samu mai miliyan 9 da rabi, kuma idan ba a sallama yau ba mai sayen zai koma wani gidan a Tudun Wada. Mai gida, wanda wataƙila kuɗin asibiti ko na aurar da 'ya ke gabansa, ya ce ya sallama. Dillali ya riƙe miliyan 2 da rabi, sannan ya miƙa hannu a ba shi la'ada daga nan, ya karɓi wata daga can. Alamar irin wannan ciniki ba ta ɓuya: dillali zai yi ta kawo dalilin da zai hana mai gida da mai saye zama wuri ɗaya, ya ce Alhajin ya yi tafiya, ko ba ya son a san shi ne ya saya, ya kuma nemi a tura kuɗin ta asusunsa. Abin yakan ƙara dagulewa idan gidan ya bi ta hannun 'yan kayi-nayi, wato masu karɓar labarin haja daga bakin wani dillali su miƙa wa wani, kowa yana ɗora nasa, har farashi ya kai inda babu mai saye, gida ya shekara a kasuwa mutane su fara zargin ko yana da wata matsala.

Malaman fiƙihun Malikiyya, wanda shi kotunan shari'a na Jihar Katsina ke aiki da shi, sun halatta ladan dillali, suna kuma sanya shi sau da yawa a babin ji'ala, wato alkawarin biyan sanannen lada ga wanda ya kammala wani aiki, ta yadda idan bai kammala ba babu abin da zai karɓa. Sharaɗin da ke tsakiyar wannan babi shi ne ladan ya zama sananne. Gaskiya ne an ruwaito daga wasu magabata, kamar Abdullahi ɗan Abbas, cewa babu laifi mai kaya ya ce wa dillali ya sayar a kan kaza, abin da ya ƙaru nasa ne, kuma wasu dillalai kan fake da wannan. Sai dai mafi yawan malamai ba su tafi a kan haka ba saboda ladan bai zama sananne ba, kuma ko a wajen waɗanda suka yarda, mai kayan ne ya furta hakan da bakinsa yana sane. Wanda aka wakilta ya sayar, ya ɓoye ainihin kuɗin da aka biya, ya ci amanar wanda ya wakilta shi. Haka nan najashi, wato a sa wani ya yi tayin ƙarya domin a zuga mai saye na gaskiya ya ƙara kuɗi, haramun ne da nassin hadisi.

Saboda haka abin da ya fi dacewa ga mai niyyar sayar da gida shi ne ya fara da rubutu kafin ya fara da talla. Takarda ɗaya ta isa, a rubuta sunan dillali, da mafi ƙarancin kuɗin da za a sallama, da adadin la'ada, da wanda zai biya ta, da tsawon lokacin da aka ba shi, sannan shaidu biyu su sa hannu. Batun wanda zai biya yana da muhimmanci, domin yawancin rigimar ranar biyan kuɗi daga nan take tasowa: la'ada ciki na nufin za a cire ta daga kuɗin gidan, la'ada waje kuma na nufin mai saye zai biya ta daban. Dillali ɗaya amintacce da aka ba wa wata biyu ko uku ya fi guda shida da aka saki lokaci guda, tun da shidan za su kai gida ɗaya kasuwa da farashi shida. Idan gidan babba ne, kuɗin da za a biya ƙwararren mai kimanta kadara, irin waɗanda hukumar ESVARBON da aka kafa da dokar 1975 take yi wa rajista, bai kai asarar da rashin sanin daraja ke jawowa ba. Sharaɗin da bai kamata a sassauta ba ko kaɗan shi ne mai gida da mai saye, ko wakilinsa na gaskiya, su zauna tare a ambaci kuɗin da baki kowa ya ji. A wannan zaman ne kuma ya wajaba mai gida ya bayyana aibin gidansa, ko ɗaki ne mai yoyo, ko katangar da ake tarayya da maƙwabci, ko indararon da ke zuba a gidan wani, domin ɓoye aibi yana ba mai saye damar warware ciniki.

Gidan gado ya fi kowane buƙatar taka-tsantsan, kuma da yawa daga gidajen cikin gari irinsa ne. Sau da yawa babban wa ne ke kiran dillali shi kaɗai, alhali akwai 'yan'uwa mata da ke gidajen aure, da matar mamaci mai tumunin takaba, da marayun da ba su balaga ba. Dillalin kirki ba ya tallata irin wannan gida sai ya ga shaidar rabon gado daga kotu ko yardar dukkan magada. Akwai kuma haƙƙin shufa'a, wato fifikon da shari'a ta ba abokin tarayya a kadarar da ba a raba ba, na ya karɓi kason da ɗan'uwansa ya sayar wa bare a kan kuɗin da aka saya. A nan ma ɓoye ainihin farashi zalunci ne, domin da wannan farashin ne mai shufa'a zai yanke shawara.

Ta fuskar dokar ƙasa, mutane da yawa sun ɗauka takardar da aka rubuta a zauren mai unguwa, dagaci ya buga hatimi, ita ce ƙarshen magana. Wannan takarda tana da amfani ƙwarai, domin masu unguwanni su suka san iyakoki da tarihin kowane gida. Amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, sashe na 22 ya hana mai haƙƙin zama a filin birni ya miƙa shi ga wani ba da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo ta 1989, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa wannan sharaɗi ya shafi har waɗanda suka mallaki filayensu tun kafin dokar. Don haka ya kamata a binciki takardun gida a ofishin filaye na jiha kafin a karɓi kafin alƙalami, wato kuɗin da mai saye ke fara bayarwa domin riƙe ciniki, a kuma rubuta abin da zai faru da wannan kuɗi idan wani ya fasa. Sauran kuɗin su shiga asusun mai gida kai tsaye, musamman da yake dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba.

Jihar Legas ta kafa hukumar LASRERA domin yi wa dillalan gidaje rajista da sauraron ƙorafi a kansu. Daura ba ta buƙatar jiran babbar hukuma irin wannan kafin ta fara, tun da tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da jama'a ke jin maganarsu. Ana roƙon Majalisar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, tare da shugabannin ƙananan hukumomi biyar na masarautar da shugabannin dillalai, da su buɗe rajistar dillalan gidaje da filaye a kowace gunduma, su tsayar da adadin la'ada da kowa zai sani, su kuma umarci masu unguwanni kada su sa hannu a takardar cinikin gida sai mai gida da mai saye sun ambaci kuɗin a gabansu.

Wassalam.

Daga wani mai karatu,
Daura, Jihar Katsina.