Rigakafin murar tsuntsaye ta baki: zai kai ga kajin Agye, Gazawa da Gidan Rumji?

A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Watan bai ƙare ba sai ga ta a Magarya cikin jihar Damagaram, a 2015 kuma ta shiga wata gonar kaji a Maraɗi. Duk lokacin da ta zo, matakin hukuma ɗaya ne: a kashe, a binne, a hana zirga-zirgar kaji.

Ga matar ƙauye a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, kaza da zabuwa su ne asusu. Da su ake sayen magani idan yaro ya kwanta, da su ake toshe ƙofar yunwa kafin gero ya nuna. Idan hukuma ta kashe su, asusun ne ya tafi.

Akwai rigakafi. Sin da Masar sun daɗe suna yi, Faransa ta fara yi wa agwaginta a Oktoban 2023. Sai dai galibinsa allura ce, sai an kama tsuntsu ɗaya bayan ɗaya, ga buƙatar firiji. Wanda ya taɓa bin zabuwa da gudu a bayan gari ya san abin ba zai yiwu ba. Shi ya sa masu bincike suka karkata ga wanda za a zuba a ruwan sha ko a gauraya da abinci. Dabara guda ita ce a ɗauki raunanniyar ƙwayar cutar Niyukasil, waccan da ke share kaji da hunturu, a dasa mata ɓangaren H5, kaza ta samu kariya biyu a sha ɗaya.

A nan ne gizo ke saƙa. Kazar da jikinta ya riga ya san Niyukasil kan daƙile rigakafin kafin ya yi aiki, kuma kajin karkara da yawa sun san ta. Sannan a babbar gona mazubin ruwa ɗaya ne, kazar ƙauye kuwa ta sha a gindin randa, ta sha a bakin rijiya. Wa zai ce ta sha adadin da ya isa?

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne kazar da ta samu rabin kariya: ba za ta mutu ba, amma tana iya ɗaukar cutar ta yaɗa. Gundumomin uku suna kan babbar hanya mai lamba 1, dab da kasuwannin Najeriya, inda kaji ke ƙetare iyaka a keji bisa babur. Idan ba a ba ɗakin binciken LABOCEL da ke Yamai kuɗin gwaji a kai a kai ba, ba a kuma biya diyya a kan lokaci ba, mai kaji za ta ci gaba da kai marasa lafiya kasuwa kafin jami'in dabbobi ya ji labari.