Ba Komai Ake Zuba wa Yaro a Ido Ba

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin masu shirya bidiyo a intanet: "Ai na yara ne, ko yaya aka yi shi za su kalla." Da wannan maganar nake faɗa. Gaskiya ne za su kalla. Ɗan shekara uku zai ƙura wa duk abin da ke motsi mai launi da ƙara ido, kamar yadda zai kai duk abin da ya tsinta a ƙasa bakinsa. Amma wace uwa ce za ta ce tunda ya haɗiye, to abinci ne?

Idon yaro yanzu kasuwa ne, kuma babba. Waƙar Baby Shark ta kamfanin Pinkfong na Koriya ta Kudu ita ce bidiyo na farko da ya haye kallo biliyan 10 a YouTube, a watan Janairun 2022. A 2021 an sayar da kamfanin Moonbug, mai tashar Cocomelon, a kan kimanin dala biliyan 3. Dalilin ba a ɓoye yake ba. Babba in ya kalli abu sau ɗaya ya wuce, yaro kuwa sai ya maimaita shi safe da yamma, kuma ba ya tsallake talla. Manhajar da ke zaɓo bidiyo na gaba ba ta san tarbiyya ba, tsawon lokacin da aka zauna ana kallo na cikin manyan abubuwan da take lissafawa.

Waɗanda suka ƙera dandalin ma an kama su dumu-dumu. A 2017 aka yi ta cece-kuce kan bidiyoyin da ke ɗauko ƴan tsanar da yara suka sani, a sa su cikin duka da batsa, har wasu suka kutsa cikin YouTube Kids. A watan Satumban 2019 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka da jihar New York suka ci Google tarar dala miliyan 170, saboda tattara bayanan yara ƴan ƙasa da shekara 13 ba da yardar iyayensu ba. Sai bayan nan, daga farkon 2020, aka wajabta wa mai tasha ya bayyana ko bidiyonsa na yara ne, aka rufe sharhi a kan irinsu. Faransa kuma a 2020 ta kafa dokar kare yaran da ake sa wa a bidiyo don neman kuɗi, har da ajiye musu kasonsu sai sun girma.

To mu fa? Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga unguwannin Zango na Kumasi zuwa Garwa, salular uwa ta zama mai raino. Me masu shirya bidiyo da Hausa suka tanadar wa waɗannan yara? Da yawansu sun ɗauki hanya mai arha. A samo yaro mai baki, a koya masa zagi ko kalaman soyayya, a ɗora a TikTok, manya su yi dariya, sa'anninsa su kwaikwaya. Yaron da aka yi wa haka ba a tambaye shi ba, ba a ajiye masa ko sefa ɗaya ba, kuma bidiyon zai jira shi har ranar da zai je neman aure ko aiki.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce alhakin iyaye ne. Iyaye suna da nasu, babu musu. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ce kada a ajiye jariri gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Sai dai wanda ya kasa gurɓatacciyar alawa a ƙofar makaranta ba zai tsira da cewa ai ba shi ya ba yaro kuɗin saye ba. Ɗa na kowa ne.

Za a kuma ce aiki mai kyau sai da jari. Ubongo ta Tanzaniya, mai shirin Akili and Me, ta nuna ana iya koyar da ƙirga da haruffa cikin nishaɗi, har an juya shirin zuwa Hausa. Adamu Waziri ya yi Bino and Fino daga Abuja. Kuma abin da ya fi tsada muna da shi kyauta: tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, kacici-kacici, karin magana, wasannin dandali. Tsohuwa mai iya tatsuniya da salula mai ɗaukar murya sarai sun isa a fara. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Abin kunya ne a ce ɗan Bahaushe ya iya waƙar kifin Koriya bai san ko kacici-kacici ɗaya ba.

Don haka ɗan uwa mai kyamara, kafin ka ɗora, ka san shekarun wanda kake yi wa. Abin da ya dace da ɗan shekara 4 daban yake da na ɗan 11. Ka rage gudun hoto, ka bar wa yaro sarari ya ba da amsa. Ka nuna wa malamin firamare kafin duniya ta gani. Kada ka ɓoye talla a cikin wasa. In ka sa yaro a ciki, ka nemi yardar iyayensa, ka ɓoye gidansu da makarantarsa, ka ware masa haƙƙinsa. In kuwa ba za ka yarda ɗanka na cikinka ya kalla sau goma ba, to ka goge shi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk wanda ya shirya wa yara bidiyo hannunsa na kan iccen nan, ko ya sani ko bai sani ba, kuma za a tambaye shi inda ya karkata shi.