Gajiyar Aiki Ce, Ko Kuwa Mazakuta Ce Ta Yi Rauni?

Duk wanda ya bi ta tashar mota a Kalgo, ko ya ratsa kasuwar Gwandu ranar da take ci, ba zai rasa jin lasifikar masu maganin ƙarfin maza ba. In ka ce kasala ke damunka, su ce sanyi ne. In bayanka ke ciwo, basir ne. In kuwa uwargida ta fara ƙorafi, to, kakarsu ta yanke saƙa. A da dattawa ake gani a gindin motocin nan. Yanzu kuwa har da malaman makaranta, da akawuna, da 'yan'uwanmu ɗalibai waɗanda gemunsu bai gama haɗuwa ba. Sa'an nan ga sabon salo ya shigo ta wayar hannu, wai duk namijin da ya gaji sinadarin mazakutarsa ne ya yi ƙasa, watau testosteron, sai ya nemi allura.

Ni dai a ganina, galibin samarin nan aiki ne ya ci su, ba jininsu ne ya lalace ba.

Mai karatu, dubi rayuwar ƙaramin ma'aikaci. Malamin firamare a ƙauyukan Gwandu yana tashi daga aji ya wuce gona in damina ce, in rani ne ya hau kabu-kabu har dare. Wani a Birnin Kebbi yake kwana, a Kalgo yake aiki, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ke cinye albashinsa kafin wata ya raba. Ya dawo gida ba wuta, ga zafin bazara, ga sauro, barcin kirki ya gagara. Mu ma ɗaliban Jami'ar Tarayya da ke hanyar Kalgo zuwa Bunza mun san yadda ake raba dare da littafi in jarrabawa ta ƙarato. Wanda ke cikin wannan hali, ina zai sami kuzarin wani abu?

Masana sun daɗe da sanin wannan gajiya. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya yi bayaninta tun 1974, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba cuta ba ce, hali ne da wahalar aiki ke haifarwa in ta daɗe ba a yi mata magani ba. Alamunta uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin har mutum ya riƙa jin haushinsa, sa'an nan ya ga ba ya iya taɓuka abin da yake yi a da. Lura da cewa duka ukun a ofis aka ɗaure su. Saboda haka tambaya ta farko mai sauƙi ce: da ka sami hutun Salla, ka yi kwanaki a gida kana barci, jikinka ya dawo? In ya dawo, sa'an nan daren Lahadi gabanka ya soma faɗuwa don tunanin Litinin, to, ka san inda gizo ke saƙa.

Ƙarancin testosteron shi ba ruwansa da hutu, yana nan ran aiki, yana nan ran Salla. A 2010 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi kan maza fiye da 3,000 a ƙasashen Turai, 'yan shekara 40 zuwa 79, aka tarar kimanin biyu cikin ɗari ne kurum ke da wannan larura ta manyanta. Alamun da suka fi dacewa da ita kuwa (a gafarce ni, ba kunya a neman sani) su ne gushewar sha'awa, da raunin gaba, da rashin miƙewarta da asuba kamar yadda aka saba. Kasala ita kaɗai ba hujja ba ce, domin zazzaɓin cizon sauro, da ƙarancin jini, da ciwon suga, da baƙin ciki mai tsanani duk suna kawo ta. In dattawa ma biyu ne cikin ɗari, ɗan shekara 27 fa?

Amma kada a ce na ce saurayi ba ya samunta. Wanda hangum ya taɓa sauka masa a maraina, ko mai sikila, ko mai ƙiba ƙwarai, yana iya samu, kuma irin waɗannan su ne kunya ke sa su fake da cewa gajiya ce har shekaru su wuce. Hukunci a nan na jini ne. Da sassafe ake ɗiba, kafin a karya kumallo, domin da safe sinadarin ya fi yawa, kuma sai an maimaita wata rana daban kafin likita ya yanke magana. Likitocin mafitsara na Amurka sun sa iyaka a wajen nanogiram 300 cikin kowace desilita. Mai lasifika, da me ya auna naka?

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne, su biyun suna cuɗanya. A 2011, a Jami'ar Chicago, an hana samari 10 masu lafiya barci fiye da awa biyar har mako guda, sai testosteron ɗinsu ya ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Tiramol da kodin kuma, waɗanda wasu ke sha don su jure aiki, su ma suna danne shi. Ashe ke nan mutum na iya zuwa awo a ga ya yi ƙasa, alhali kuwa tushen abin barci ne da ƙwaya.

Allurar da ake talla kuwa tana da nata sharrin. In jiki ya ga testosteron na shigowa daga waje, sai ƙwaƙwalwa ta daina aika wa maraina umarni, ƙwayoyin haihuwa su ragu, wani lokaci su ɗauke ƙaf, kuma sukan yi watanni kafin su dawo. Ango mai neman ɗan fari ya sayi rashin haihuwa da kuɗinsa ke nan.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda ke cin ribar wannan ruɗani. Mai magani ya sayar, shugaban ma'aikata kuma ya huta, domin ma'aikacin da ya yarda mazakutarsa ce ta gaza ba zai kai kuka ga ƙungiyar ƙwadago ba, ɓoyewa zai yi. Aikin mutum uku da aka jibga wa mutum ɗaya ya zama sirrin ɗaki. Ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai ta gayyato likita daga Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ya yi mana lacca a kan wannan batu kafin jarrabawa mai zuwa, a kuma aje akwatin da mai kunya zai jefa tambayarsa ba tare da ya sa suna ba.